Abin da Ta Ɓoye a Ƙarƙashin Kallabi

Yarinyar ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin Malama Suwaiba ba.

Ranar Litinin ce, farkon zangon karatu. Tana aji biyar a wata makarantar firamare a Bungudu. Shekara biyu ke nan da aka yi jihar Zamfara, ana ta kawo sababbin malamai. Hedimasta ya shigo ajinsu da wata mata doguwa mai fara'a. Ya ce daga Tsafe aka turo ta.

Malama ta bi benci benci tana gaisawa da yara. Da ta zo kan yarinyar, sai ta kama hannunta ta juya shi. Ta dubi farcen ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ke yanke miki farce?"

"Innata ce, Malama."

"To, ki gaishe ta. Ki ce na ce ta iya."

Hannun Malama sanyi gare shi, yana ƙamshin sabulu. Ranar yarinyar ta koma gida tana murmushi ita kaɗai. Daga nan ta koma zama a bencin gaba. Ta fara kwaikwayon yadda Malama take rubutu. Babu abin da take so kamar Malama ta dube ta ta ce, "Madalla."

Kowace Litinin da safe Malama takan duba tsafta. Maza su fita waje. Mata su cire hijabi da kallabi. Sai ta duba farce, da haƙora, da bayan kunne, da tsagar kitso.

Wata Litinin ta tsaya a kan Lami ta daɗe. Lami ita ce ke zaune kusa da taga.

"Lami, ki same ni in an tashi tara," Malama ta ce a hankali.

Amma wasu maza biyu suna leƙe ta taga. Sun ga abin da Malama ta cire daga kan Lami ta murƙushe. Kafin a tashi tara, duk makaranta ta ji.

"Lami mai garke!" suka riƙa kira. "Lami, yau ina za ki kai su kiwo?"

Yara suka yi ta dariya. Yarinyar ma ta yi. Washegari Lami ta zo an aske mata kai ƙwal. Ta ɗaure kallabi har bisa gira. Mako guda ba ta yi magana da kowa ba.

A gidan su yarinyar, Asabar ranar gyara ce. Tun da hantsi Inna take shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Yarinyar ta zauna tsakanin ƙafafunta, a tsefe kitso. A wanke kai da sabulun salo har sau biyu. A bari ya sha iska, a shafe shi da man kaɗe, a taje. Da yamma Gwaggo Huseina mai kitso ta shigo da kibiyarta ta yi sabo.

Kafin nan an jiƙa kayan makaranta. Yarinyar ce ke wanke su da kanta, ta sa wa farin hijabin bula. Ta goge kaushin ƙafarta da dutse. Inna ta yanke mata farce da sabuwar reza. Ranar Lahadi kuma a zuba gawayi a dutsen guga, a goge riga da wando, a rataye a ƙusa.

Duk wannan bai dame ta ba, sai tsifa. Gashinta cike yake, ga tauri. In mataji ya shiga, har hawaye take yi.

"Wayyo Inna, kaina!"

"Zauna da kyau. Kan naki na ƙwai ne?"

Wata Asabar aka yi suna a gidan ƙanwar Inna a Sabon Garin Gusau. Suka tafi tun ranar Juma'a. Gida ya cika da 'yan uwa. Yara goma suka kwana a ɗaki ɗaya, suna raba matashi. Da safe mataji ɗaya ya zaga kan kowa. Yarinyar har ta ari kallabin wata ta ɗaura, don ya fi nata kyau.

Wannan Asabar ɗin ba a yi tsifa ba. Ta ji daɗi ƙwarai.

Asabar ta gaba, da Inna ta ɗauko tabarma, sai ta ce, "Inna, dubi kitson nan. Ko tashi bai yi ba. A bar shi ya ƙara mako mana."

Inna tana da surfe a gabanta. Ta dubi kan daga nesa. "To, ki dai wanke shi."

"To, Inna."

Ba ta wanke ba. Ta yayyafa ruwa a goshi, ta ɗaure kallabi, ta fita wasa.

Ranar Litinin aka yi taron malamai, ba a duba tsafta ba. Ranar Talata kanta ya fara ƙaiƙayi. Ta ce zafi ne. Ranar Laraba tana cikin rubutu, ta sa biro ta sosa ƙeya. Sai wani ɗan abu ya faɗo a kan farar takarda. Ƙarami ne, launin toka. Ta zuba masa ido.

Sai ya motsa.

Gabanta ya faɗi. Ta yi maza ta rufe littafin, ta danne da hannu biyu. Kwarkwata ce. Ta waiga hagu, ta waiga dama. Babu wanda ya gani. Amma ji take kamar duk ajin ita suke kallo.

"Lafiya, ɗiyata?" Malama ta tambaya daga gaban allo.

"Lafiya lau, Malama."

Daga ranar ta rasa sukuni. In ƙaiƙayi ya taso a aji, sai ta cije leɓe ta zauna a kan hannuwanta. In an tashi tara, sai ta zaga bayan aji ta yi susa har sai kan ya yi zafi. A gida ba ta cire kallabi ko wurin kwanciya.

Tana ta lissafin kwanaki. Alhamis. Juma'a. Saura uku Litinin ta zo.

Ta riƙa hango abin da zai faru. Malama za ta tsaya a kanta ta daɗe. Wannan hannun mai sanyi zai janye da sauri. Maza za su leƙo ta taga. Za a sa mata suna, kuma sunan zai bi ta har ta girma. Sannan a kira wanzami.

Ranar Asabar Inna ta shimfiɗa tabarma.

"Zo nan. Yau kam babu gudu. Mako uku ke nan."

Yarinyar ta dafe goshi. "Inna, kaina ke ciwo. Tun jiya."

"Ciwo? Zo in taɓa."

Ta matso kaɗan, ta miƙa goshi kawai. Inna ta taɓa.

"Babu zazzaɓi. Cire kallabin nan ki sha iska."

"A'a, Inna. In na ɗaure ya fi sauƙi."

Inna ta dube ta na ɗan lokaci. "To, je ki kwanta. Gobe da hantsi, in na dawo daga barka, za a tsefe. Ko ciwo ko ba ciwo."

Yarinyar ta shiga ɗaki ta kwanta. Ba ciwon kai take ba. Gobe Inna za ta gani. Jibi Malama za ta gani.

Da la'asar ta ji Baba ya dawo daga gona. Ta leƙa. Yana sauke tankin feshi daga bayansa. Lokacin wake ne, ƙwari sun dami gonaki. Ya ɗaure hancinsa da tsumma. Ya ƙulle wata kwalba a baƙar leda, ya rataye ta a ƙusa cikin ɗakin ajiya. Sannan ya daɗe yana wanke hannu da sabulu.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yauwa, ɗiyata. An ce ba ki da lafiya."

"Da sauƙi. Baba, maganin nan naka, kowane ƙwaro yake kashewa?"

"Kowane iri. Ko ɗaya ba ya bari." Ya yarfe hannunsa. "Shi ya sa ba na son ganin kowa kusa da shi. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Amma rabin maganar kawai ta riƙe. Kowane iri. Ko ɗaya ba ya bari.

Ranar Lahadi da safe Inna ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta barka. Baba yana ƙofar gida, suna hira da maƙwabcinsu Malam Jibo direba. Gida ya yi tsit. Kaji kawai ke tono a tsakar gida.

Yarinyar ta tura ƙofar ɗakin ajiya. Ciki da duhu. Ta taka buhun dawa, ta miƙa hannu ta sauko da ledar. A jikin kwalbar akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Ta kawar da ido daga hoton.

"Kaɗan zan sa," ta ce a ranta. "Kafin Inna ta dawo sun mutu. Sai in wanke."

Da ta buɗe, wari ya daki hancinta har ta yi tari. Ta cika murfin, ta zuba a tsagar kitso. Ta ƙara na biyu. Ta murza da yatsu. Ta ɗaure kallabi tamau, ta mayar da kwalbar, ta fito.

Ta zauna a bakin ɗaki tana jira.

Da farko sanyi ta ji. Can sai ɗumi. Can sai kan ya ɗauki zafi kamar an zuba masa barkono. Ta ce a ranta, aiki yake yi. Ta daure.

Sai idanunta suka fara zubar da ruwa. Yawu ya cika mata baki. Ta tofar, wani ya sake taruwa. Zufa ta jiƙa mata riga. Ta dubi dalbejiya, ta ga ta zama biyu.

Ta miƙe za ta je wurin randa. Ƙafafunta suka ƙi. Ta durƙusa, amai ya zo.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta so ta kira Baba. Yana nan kusa, tana jin dariyarsa ta bayan katanga. Amma in ta kira, me za ta ce? Ba ta kira ba. Ƙirjinta ya fara matsewa.

A haka Inna ta shigo, Gwaggo Huseina na biye da ita da kibiya a hannu.

"Innalillahi! Ke! Me ya same ki?"

Inna ta yar da mayafi ta rungume ta. Yarinyar ta buɗe baki, yawu kawai ke zuba.

"Malam! Malam, shigo!" Inna ta ƙwala wa Baba kira.

Baba ya shigo da gudu, Malam Jibo ya tsaya a bakin zaure.

"Yanzu na bar ta lafiya," Inna ta ce tana kuka. "Ko gamo ta yi?"

"A kawo manja a ɗura mata," in ji Gwaggo Huseina. "Ko nono. Wani abu ta ci."

Baba ya durƙusa. Ya ja numfashi sau ɗaya. Fuskarsa ta canja.

"Wannan warin maganina ne." Ya kama kafaɗunta. "Ɗiyata, dube ni. Sha kika yi?"

Ta girgiza kai.

"To ina kika sa shi? A hannu? A jiki?"

Ta ɗaga hannu biyu ta riƙe kallabinta.

"Ki yi magana, don Allah!" Muryar Baba na rawa. Ba ta taɓa jin muryarsa haka ba. "Kowane minti yana ƙara shiga jikinki. Ina kika sa?"

Ta dubi Inna. Ta dubi Gwaggo Huseina, wadda ke shiga kowane gida a unguwar. Ta dubi Malam Jibo a bakin zaure. Kowa zai ji. Amma numfashinta sai ƙara guntucewa yake.

"A kai," ta ce da ƙyar. "Kwarkwata ce, Inna. Na ji tsoro."

"Kwarkwata?" Inna ta fizge kallabin ta jefar. "Don kwarkwata za ki kashe mini kanki?"

"Ruwa!" in ji Baba. "Ruwa da sabulu, maza! Huseina, ajiye manjan nan. Malamin gona ya ce kada a ɗura wa mutum komai. A wanke, a cire kayan, a tafi asibiti."

Maza suka fita. Inna ta sa leda a hannu kamar yadda Baba ya ce. Ta sunkuyar da kan yarinyar baya don kada ruwan ya shiga ido. Gwaggo Huseina na zuba ruwa, tana warware kitso da sauri. Randa ɗaya ta ƙare, aka buɗe ta biyu. Aka canja mata riga.

Malam Jibo ya riga ya tayar da tsohuwar a-kori-kurarsa. A lokacin man fetur wuya yake yi ƙwarai. Ya dubi allurar mai, ya girgiza kai.

"Zai kai mu Gusau?" Baba ya tambaya.

"Ku hau, Malam. Allah zai kai mu."

Baba ya ɗauko kwalbar cikin ledarta, ya hau baya. Inna ta zauna gaba, ta ɗora yarinyar a cinya.

Hanyar Gusau ba ta da nisa, amma ranar ta ƙi ƙarewa. Gonakin dawa na wucewa kamar hayaƙi. Yarinyar na jin wani abu na ƙugi a ƙirjinta. Jikinta na karkarwa. Idanunta na son rufewa.

"Kada ki yi barci," Inna ta ce tana bubbuga kumatunta. "Yi mini magana. Karanto Fatiha."

Ta fara, ta kasa kaiwa ƙarshe.

"Inna, mutuwa zan yi?"

"Rufe bakinki! Ba inda za ki."

Amma hawayen Inna na ɗiga a fuskarta.

Suna hango gidajen Gusau motar ta yi tari. Ta sake yi. Ta rage gudu. Inna ta ƙanƙame yarinyar. Malam Jibo ya riƙa jijjiga sitiyari yana yi wa motar magana.

"Haba 'yar tsohuwa. Ba yau ba. Yi haƙuri, saura kaɗan."

Motar ta ja, ta ja, har ta shiga ƙofar asibiti. A nan motar ta mutu.

Baba ya saɓi yarinyar a kafaɗa ya shiga da gudu. Ya miƙa wa likita kwalbar. Likita ya karanta jikinta, ya haska idon yarinyar da 'yar tocila.

"Ta sha?"

"A'a, a kai ta zuba. Mun wanke."

"Kun kyauta da kuka wanke. Kun kyauta da kuka zo da kwalbar. Yanzu na san abin da zan ba ta."

Aka yi mata allura. Aka sake yi. Aka sa mata ƙarin ruwa. Wata nas mai jiki ta sake wanke kan, ta rage gashin inda fata ta saɓule, ta shafa magani. A hankali ƙirjin ya saki. Yawun ya tsaya. Kafin la'asar ta iya ganin fuskar Inna guda ɗaya.

Likita ya dawo ya tsaya a kanta. "Yarinya, fatar kai tana shan abu kamar yadda ƙasa ke shan ruwa. Da kun ƙara awa ɗaya a gida, da wani zancen ake yi. Maganin gona na gona ne. Ba a sa shi a jikin mutum, ko ɗigo ɗaya."

Baba ya sunkuyar da kai. "Har da laifina, likita. A ƙusa na rataye shi."

Washegari da safe nas ɗin ta zo da ma'aunin zafi.

"Ina gonar waken tamu? An kwana lafiya? Ƙwari sun bar amfanin?"

Inna ta yi dariya, karo na farko tun jiya. Yarinyar ta rufe fuska.

"Daina ɓoye fuska," in ji nas. "'Ya'yana huɗu, babu wanda bai yi kwarkwata ba. Sabulu, da mai, da mataji mai ƙananan haƙora. Sai a wanke kallabi da rigar matashi da ruwan zafi, a shanya a rana. In ta ƙi, akwai maganinta na mutane. Shi ke nan fa."

"Ba sai an aske ba?"

"Wa ya ce dole ne? Haƙuri kawai take so."

Yarinyar ta buɗe fuska ta dubi nas ɗin. Shi ke nan? Abin da ya hana ta barci kwana huɗu?

Sai ta tuna yau Litinin ce. Yanzu haka ana can ana duba tsafta. Bencinta babu kowa. Malama za ta tambaya. Wani zai faɗa mata. Tsoron ya dawo sabo.

Bayan azahar ta ji sallama a bakin ɗakin. Ta san muryar. Ta ja zane ta lulluɓe har kai.

Malama Suwaiba ta gaisa da Inna, ta yi mata jaje. Daga makaranta ta hau mota ta zo. Ta zauna a bakin gado.

"Wa ke cikin zanen nan? An ce mini ɗalibata tana nan, amma ƙunshin kaya nake gani."

Ta ƙara ƙudundunewa.

"Ɗiyata, buɗe mana."

"Kunya nake ji, Malama," ta ce daga cikin zane.

"Kunyar me?"

"Za ki ce ni ƙazama ce."

Malama ta janye zanen a hankali. Ta dubi kan, da gashin da aka rage, da maganin da aka shafa. Ba ta yamutsa fuska ba. Ta ɗora hannunta a gefen da babu ciwo, ta bar shi a nan.

"Ina aji huɗu na yi tawa, a gidan kakata a 'Yandoto. Har mako uku ana taje ni. Kwarkwata ba ta tambayar ko ɗiyar wa ce. Daga kai take tsallakawa zuwa kai. Abin da ya kusa kashe ki ba ita ba ce. Ɓoyewa ce."

Hawaye suka zubo wa yarinyar. "Na ji tsoron a yi mini irin na Lami."

Malama ta share mata hawaye.

"Wannan kuma nawa kuskuren ne," ta ce. "Ban rufe taga ba ranar. Kuma da na ji suna tsokanarta, ban tsawatar yadda ya kamata ba. Yau na yi wa ajin magana. Daga yanzu ɗaya bayan ɗaya zan riƙa duba ku, a ofis. Abin da na gani, tsakanina da yarinya ne da innarta."

"Ni ma na yi mata dariya, Malama."

"To, kin san abin da za ki yi in kin koma."

Ranar Laraba aka sallame su. Da suka isa gida, ta ga sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin ajiya. Makullin yana aljihun Baba.

Ranar Alhamis ta koma makaranta, gabanta na faɗuwa. Wani yaro ya buɗe baki zai yi magana. Lami ta juyo ta harare shi, ya haɗiye. Da aka tashi tara, yarinyar ta je ta zauna kusa da ita.

"Lami, ki yafe mini dariyar da na yi."

Lami ta ɗaga kafaɗa. "Ya wuce. Amma ke ma, maganin wake? Ni dai aski kawai na sha."

Suka fashe da dariya tare. Lami ta raba mata ƙuli-ƙulinta.

Yarinyar ta gane abu biyu. Gyaran jiki na ƙarshen mako ba wahala ba ce. Shi ke kama ƙaramar matsala tun tana ƙarama. Kuma duk abin da ya sami yaro a jikinsa, komai kunyarsa, iyaye ake fara faɗa wa. Ba a ɓoyewa, ba a kuma yi wa kai magani.

Asabar ta zo. Inna na cikin wanke-wanke ta ji motsi a bayanta. Ta waiga. An shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Ga sabulu, ga man kaɗe, ga sabon mataji mai ƙananan haƙora. An jiƙa kayan makaranta a bokiti. Yarinyar na zaune, kanta a buɗe.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Yau kan ba ya ciwo?"

"Ba ya yi."

Inna ta goge hannu ta zauna. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kafaɗun yarinyar. Ta shafa mai, ta fara tajewa a hankali, tana kauce wa inda ke warkewa. Mataji ya ja. Yarinyar ta runtse ido, amma ba ta ce wayyo ba.

Tun a asibiti akwai maganar da take son faɗa. Kullum in ta zo bakinta sai ta maƙale. Yanzu da ba ta ganin fuskar Inna, sai ta ji za ta iya.

"Inna."

"Na'am."

"Ƙarya na yi miki. Kaina bai yi ciwo ba. Kuma wancan makon ban wanke ba."

"Na sani," in ji Inna. Matajin bai tsaya ba.

Baba ya fito daga ɗaki zai tafi gona. Yarinyar ta ɗaga murya don shi ma ya ji.

"Inna, Baba, na yi alkawari. Ba zan ƙara gudun gyaran Asabar ba. Ba zan ƙara taɓa maganin da ba ku ba ni ba. Kuma duk abin da ya same ni, ko na kunya ne, ku zan fara faɗa wa."